Ƙulli a Cikin Jini

Tun a mota ya kamata in tauna maganar nan kafin in kai ta gida. Ban tauna ba, kuma saura ƙiris kalma ɗaya ta raba 'yata da maganinta.

'Yar tawa, Shahida, ta zo wankan gida nan Roni, haihuwar fari. Mako biyu bayan suna ƙafafunta suka kumbura, ba ta iya kwanciya sai an tara mata matasai, daga ɗaki zuwa bayi sai haki. Daga asibitin Kazaure aka tura mu Kano. A can wata likita, Dakta Bahijja, ta ce zuciyar ce ta yi rauni bayan haihuwa, ba ta tura jini da ƙarfi. Ta rubuta magani, ta hana kunun kanwa da gishiri. Sannan ta nemi izinin Shahida ta ɗebi jini kaɗan saboda wani bincike da suke yi.

Na tambaye ta me ake nema a ciki. Da ta ji aikina karɓar saƙo ne a tasha, sai ta yi dariya, ta ce ai ni zan fi kowa ganewa. Ta ce ƙwayoyin halittar da suka haɗu suka yi jikin mutum suna aika wa juna saƙo a cikin wasu 'yan ƙulli da ido ba ya gani, jini kuma shi ne motar. Wani ƙullin yana ɗauke da abin da ke taimakon zuciya ta farfaɗo, wani kuma ana zargin shi ke ƙara mata rauni. Na ji daɗin bayanin. Shekara goma sha tara ina miƙa wa direbobi ƙulli, wani daddawa ce, wani maganin ɓera, duk a mota ɗaya.

Da muka iso gida, matata Fatu ta tare ni a tsakar gida, ta ce me suka gani. Na gaji, yunwa nake ji. Na ce mata wai akwai ƙulli a jininta, shi suke bincike.

Ta ajiye ludayi. "Ai na faɗa," ta ce, ta shige ɗaki.

Ban kawo komai a raina ba. Ashe ita ƙullin da ta sani ta ji, irin wanda maƙiyi ke yi wa mutum. Ta tattara magungunan a leda ta cusa a bayan kwalla, ta aika wa yayarta a Gwiwa ta nemo mai karya sammu, ta ɗora kunun kanwa don mai jego ta yi ƙarfi. Shahida ba ta iya yi wa uwarta gardama ba.

Kwana uku bayan haka na dawo da azahar, na tarar da yarinyar zaune tana jan numfashi da ƙyar, jaririn na kuka ta kasa ɗaukarsa. Na nemi maganin, Fatu ta ce ƙwayar Bature ba ta kwance ƙulli, kuma da bakina na kawo labarin.

"Ba irin wannan ƙullin ba ne, Fatu."

"To iri nawa ne, Malam? Ko a tasha aka koya maka likitanci?"

Ni kaina rabin bayanin na riƙe. Na kira lambar da likitar ta ba mu, na buɗe murya kowa ya ji. Ta saurara har na gama, sannan ta gaishe da Fatu da ladabi.

"Mama, ke ma akwai shi a jininki. Har jikanki da ke kuka ɗin nan."

"Ni kuma wa na tsare wa me?"

"Ba wanda ya yi miki. Haka Allah Ya halicce mu da shi."

Fatu ta matso kusa da wayar. Can ta ce, in haka ne a tsince mugun a bar mai kyau mana, kamar tsintar shinkafa. Likitar ta ce wannan shi ne burin masu binciken, amma ba a kai can ba tukuna. Abin da ke hannu yanzu shi ne maganin da ta rubuta, kuma mu kawo Shahida yau ɗin nan, kada mu jira gobe.

Fatu da kanta ta zaro ledar, ta sauke tukunyar kunun, ta goya jaririn muka nufi tasha.

Kwana shida muka yi a asibiti. Yanzu wata biyu ke nan, kumburin ya saɓe, Shahida tana share ɗaki ba ta haki. Likitar ta ce wasu matan zuciyarsu na komawa daidai, wasu ba ta komawa. Jinin da aka ɗiba yana can a ajiye. Har yau ba a san saƙon da ke cikin ƙullin nata ba, kuma ba a san ko zuciyarta za ta iya ɗaukar wani cikin ba.