Farashin Masaƙa

Auta na cikin zuge jakarta za ta fito da samfur, mai shagon ya ɗaga mata hannu alamar ta dakata, ya juya wajen wanda ya shigo bayanta. Haka 'yan kasuwar kwamfuta suke, mai saye a tare shi da fara'a har kunne, mai kawo talla kuwa ko kujera ba a nuna masa. Ta ja gefe ta jingina da tarin kwalayen firinta, fanka na feso mata iska mai zafi.

Tun safe take yawo shago-shago. Abin da take talla manhaja ce mai suna Masaƙa, ita ta rubuta ta da hannunta, ita da yayanta suka kafa ɗan kamfani a kanta. Mutum zai zuba hotuna, ya ɗora muryarsa, ya haɗa da bidiyo da tambayoyi, sai darasi ya fito tsaf ko da bai san kan kwamfuta ba. A filashi suke sayar da ita, cikin ambulan mai ruwan ƙasa, da arha kamar ta banza. Sun rage farashi, sun sake ragewa, ciniki ko gezau. Yau da safe Yaya ya yanke magana: ko su sake raba farashin biyu, ko ƙarshen wata su rufe ofis ya koma neman aikin bankin da ya baro.

Da murya ta gane mai sayen. Mai makarantar koyon tuƙi ne, wanda ta je har ofishinsa watan jiya ta nuna masa yadda zai haɗa darasin alamomin hanya. Ya yaba sosai a ranar, sai da ya ji farashi ya taɓe baki ya ce abu mai arha haka ba zai yi ƙarko ba.

"Ina wadda ka ce mini ta waje?" ya tambayi mai shago.

Mai shago ya miƙa hannu can sama ya sauko da wani kwali mai sheƙi. A jikinsa akwai hoton Bature da tabarau yana murmushi, da wani dogon suna na Turanci. Ya faɗi kuɗin ba tare da ya ƙifta ido ba. Auta ta lissafa a ranta, ninki uku ne na nata. Ya zura filashin a kwamfutar gwaji, allo ya buɗe, sai wani ɗan sauti ya tashi, ƙil, ƙil.

Ta san sautin nan, na buɗe Masaƙa ne. Cokalin shayi ne a jikin kofin gilashi. A kicin ɗin Mama ta naɗi sautin nan da wayarta, Mama na mata faɗa za ta fasa mata kofi. Ta matso ta leƙa. An canja launi, an goge sunan kamfaninsu daga sama, amma maɓallan suna nan inda ta jera su, har da wanda ya ɗan karkace da take ta cewa za ta gyara.

Mai makarantar ya waigo ya gan ta. "A'a, Malama, ke ce? To zo ki ga aiki. Irin wannan za ku riƙa koyi da shi."

"Ni na rubuta ta," in ji Auta.

Ya yi dariya irin ta babba da ƙaramin yaro. "Allah ya kai ku nan ɗin, ai da sannu ake girma."

"Ba wasa nake ba, Alhaji. Ita ce wadda na kawo maka ka ce ta yi arha."

Ya dubi kwalin, ya dubi jakarta da zip ɗinta ya fara sakin baki, ya ciro waya ya tura wa mai shago kuɗinsa cas, ko tayi bai yi ba. Ya rungumi kwalin ya fita abinsa. Ta ji kamar ta bi shi ta fizge kwalin.

Sai yanzu mai shago ya tuna yana da kujera. Ya jawo ta, ya kaɗe da hannu.

"Zauna, Malama. Ruwa ko lemo?"

"A tsaye na zo, a tsaye zan tafi. Wa ya ba ka?"

Mutumin ko kunya bai ji ba, kuma wannan ya fi ƙona mata rai. Ya ce wani ne ya kawo masa ita a buɗe, yadda kowa zai iya kwafa. Ya fara ajiye ta da sunansu da farashinsu, ko ƙuda bai sauka a kai ba. Da ya sauya mata riga ya ninka kuɗi, sai ga mutane har da masu biya kafin a kawo.

"Ni kasuwa na sani, ke kwamfuta kika sani," ya ce. "Matsalata ɗaya, wadda ke hannuna tsohuwa ce, in bidiyo ya yi tsawo sai ta daskare, ana dawo mini da ƙorafi. Ki riƙa ba ni sabuwa, ki cire sunanku tun daga can, rabi naki rabi nawa. Rabin nan kaɗai ya fi abin da kike sayarwa gaba ɗaya. Ki yi lissafi."

Ta riga ta yi lissafin, abin haushin ke nan, gaskiya ya faɗa. Ya tura katinsa cikin aljihun jakarta, ta fita ba sallama.

A cikin bas an matse ta tsakanin wata mai kwandon kaya da wani mai barci, ita kuwa sai cizon leɓe take. Ba satar ce ta fi ci mata rai ba. Dariyar Alhajin ce.

Ofishinsu ɗaki ɗaya ne a saman shagon teloli, ƙarar kekunan ɗinki na ratso daɓe tun safe har yamma. Ta tarar da Yaya ya shimfiɗa babban farin kwali a tebur, ya rubuta AN KARYA FARASHI da jan alƙalami, yana jiran ta dawo su manna a ƙofar ƙasa. Ta ajiye jaka ta kwashe labari ta gaya masa.

Da farko ya miƙe yana huci, ya ce sai ya kai mutumin kotu, sai ya sa an rufe shagon. Ya kai ƙofa ya dawo. Ya zauna, ya jawo kalkuleta ya danna, ya goge, ya sake dannawa.

"Rabi fa kika ce?"

"Yaya."

"Tambaya na yi, Auta."

"Na ji tambayar. Har da sunan namu zai cire."

"Suna ake dafawa a ci?" Ya ture kalkuletar. "Na sayar da motata na zuba a nan. Antinki ga ta nan haihuwa yau ko gobe. Mama kullum sai ta tambaye ni ko ina da shirin komawa aikin mutane. Ke ba ki da iyali, shi ya sa kike da ƙarfin yin zuciya."

Maganar ta soke ta, don ba ƙarya ya yi ba, kuma ta san daren da ya kwana yana tunani kafin ya ajiye aikinsa saboda ita. Amma ba ta sauke kai ba.

"In na goge sunanmu da hannuna, gobe ya sami wani ya sallame mu, da wane baki za mu ce tamu ce? Mu zama masu ɗinki a ɗaki, Bature mai tabarau na karɓar gaisuwa."

"To me kike so? An ƙi saye da arha."

"Ba Masaƙa suka ƙi ba, na gani da idona ana rungumar ta. Mu suka raina, kuma mu muka koya musu. Kullum muna rage kuɗi kamar masu ba da haƙuri. Laifin me muka yi?"

Ta jawo kwalin ta kifa shi, ta ɗauki baƙin alƙalami. Ta rubuta MASAƘA a sama, ta rubuta sunan kamfaninsu, ƙasa da shi ta sa: A NAN AKA YI TA, HAU SAMA. Sannan ta rubuta farashi. Yaya ya leƙo ta kafaɗarta, ya cire hularsa ya riƙe.

"Auta, wannan ai ya fi na ɓarawon."

"Da gangan. Ta gaske ba za ta zauna ƙasa da ta sata ba."

"Kanki ɗaya kuwa?"

"Ka ce ƙarshen wata. To ka bar mini watan, in ya so mu rufe da mutuncinmu."

Ba ta jira amsarsa ba. Ta sauka ta manna kwalin a ƙofa, babban tela ya leƙo da tef a wuya ya karanta, ya ce ashe maƙwabtansa masu kuɗi ne bai sani ba, daga yau ya daina yi mata ragin ɗinki.

La'asar ta yi kafin a ji takun kowa a matakala. Wata mata ce mai koyar da ungozomomi, ta ce allon da aka manna a ƙofa ta gani daga cikin mota. Auta ta zaunar da ita ta nuna mata yadda za ta ɗora muryarta a kan hotuna, matar ta gwada da kanta, ta saurari muryarta tana dariya. Sannan ta zo kan magana.

"Amma ƙanwata, kuɗin ya yi yawa. Nawa za ki rage?"

Yaya ya taka ƙafar Auta a ƙarƙashin tebur. Ta janye ƙafarta.

"Babu ragi, Anti. In ta ba ki matsala ki hawo nan, ni da na yi ta zan gyara miki."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

Matar ta ce za ta yi shawara, ta ɗauki jakarta ta sauka. Suka ji takunta har ya ɓace cikin ƙarar kekuna. A tsohon farashi da tuni ta biya, su duka biyun sun san haka. Auta ta kau da kai daga Yaya ta hau jera ambulan. Tsoro take ji sosai, amma ko za a yanka ta ba za ta bari ya gani ba.

Yaya ya miƙe bai dube ta ba, ya ɗauki wani abu a tebur ya sauka. Ta san allon zai cire. Ta zauna tana jiran ƙarar yagewar kwali, shiru. Da ta gaji da jira ta bi shi ƙasa da niyyar su yi ta a gaban teloli in ta kama.

Ta same shi a durƙushe gaban ƙofa, murfin alƙalami a baki, yana bin lambobin farashin ɗaya bayan ɗaya yana ƙara musu kauri.

"Me kake yi, Yaya?"

Ya cire murfin daga bakinsa, bai waigo ba.

"Rubutunki siriri ne, kamar mai jin kunya. In rufewa za mu yi, gara a hango mu daga tsallaken titi." Ya ja da baya ya karkata kai yana dubawa. "Riƙe mini gefen nan, iska na ɗaga shi."

Ta sa hannu biyu ta danne kwalin, shi kuma ya ci gaba da lamba ta ƙarshe.