Katin Hoton Maiwalda

Maiwalda bai yi sallama ba. Ya bankaɗe labulen shagon, ya miƙa hannu ta saman kantar sayar da kaya, ya shaƙo wuyan rigar ƙanin matarsa, ya ɗago shi daga kujera kamar buhun da babu komai a ciki.

"Ina katina?"

Auta yana tsakiyar liƙe wata 'yar waya a cikin kwamfutar wani. Ƙarfen dalma ya suɓuce daga hannunsa, ya faɗi kan tebur yana hayaƙi. Sai ya yi dariya, don ya ɗauka wasa ne. Tun da aka yi auren yayarsa haka suke, wannan ya tsokana, wancan ya rama.

"Yaya, sake ni mana, rigar aro ce. Wane kati?"

"Katin hoton da ke cikin injina. Wanda na kawo maka jiya ka share. Ka cire nawa, ka sa mini kwanso."

Katin hoto wani allo ne mai nauyi, kusan girman bulo, da fanka uku a jikinsa. Shi ne yake zana duk abin da mai wasan kwamfuta yake gani. Na Maiwalda yana cikin mafi tsada a kasuwa. Babur ɗinsa ya sayar ya saye shi, shi ya sa yanzu yake tsayuwa a rana yana jiran bas kamar kowa. Monita kuwa, wadda ta lanƙwasa kamar baka, faɗinta ya kai taga, ita ta cinye injin walda sabo da ya yi shekara yana cewa zai saya. Magidanci ne da 'ya'ya biyu, furfura ta fara leƙowa a gefen kansa. Ba a ce kada babba ya yi wasa ba. Amma shi nasa ya wuce wasa, ya zama abin da yake auna kansa da shi. A wajen aiki shi mai liƙa ƙofar gidan wasu ne. A cikin wasan kuwa, in ya shigo fili, mutanen da bai taɓa gani ba sukan yi shiru.

Jiya ya kai injin kwamfutar wurin Auta a busa masa ƙura, a sauya man da ke sanyaya shi. Da yamma ya ɗauko, ya mayar ƙarƙashin tebur. Yau da safe, bayan yara sun tafi makaranta, ya kunna don ya taɓa kaɗan kafin ya fita. Hoton ya riƙa tsinkewa yana ɗingishi. Lambar da ke kusurwa, mai nuna saurin hoto, wadda ta saba haura ɗari biyu, ta kasa kai ashirin. Kafin ya ɗaga bindiga an kashe shi, ya tashi, an sake kashe shi. Abokan wasansa suna ta ƙyaƙyata dariya a kunnensa. Ya leƙa ta gilashin injin, ya ga fankokin katin ko motsi ba sa yi. Sai ɗaya daga cikinsu, wanda ko fuskarsa bai sani ba, ya ce, "An yi maka musanya, maigida. Haka masu gyara suke yi. Su ƙwaƙule na ciki, su bar maka fatar."

Maganar da ya hau bas da ita ke nan. Bai tsaya duba komai ba.

"Kwanso kuma?" in ji Auta, har yanzu da sauran dariya a bakinsa. "Kawo injin in gani. Ko dai hannun ne ya tsufa, Yaya? Ka san shekaru ba ƙarya ba ne. In yara sun fara cin ka, ai sai ka koma ludo."

Da ya san abin da ke cikin mutumin, da ya haɗiye wannan. Maiwalda ya kai masa naushi a baki. Hannun da ya saba lanƙwasa rodi ne. Auta ya tafi da baya, ya bugi kantar gilashi, ta tarwatse a ƙarƙashinsa. Linzaman kwamfuta da ƙananan kwalaye suka watse a ƙasa. Ya yunƙura zai tashi, jini yana zuba ta haɓarsa, Maiwalda ya tsallako kanta ya danne shi da gwiwa a ƙirji.

"In kawo maka don ka ƙarasa sace sauran?"

"Wallahi Yaya ban..."

Ya ƙara masa. Ya kama gashin kansa ya buga da ƙafar tebur. Wata monita da aka jingine don sayarwa ta zame, ta kife, fuskarta ta tsage daga kusurwa zuwa kusurwa.

Mai sayar da caja na shagon gefe ya leƙo. "Kai, kai, bawan Allah, lafiya? Za ka kashe shi!"

Maiwalda ya juyo, idonsa ya rufe, ya faɗi kalmar da mai hankali ba ya faɗa a cikin kasuwa.

"Ɓarawo ne!"

Kasuwa ba ta tambayar me aka sata. Kafin ya rufe baki layin ya cika. Masu dako suka ajiye kaya. Wani ya taho da ƙafar benci, wani da kwaɗon rufe shago a dunƙule cikin hannu. Akwai wanda aka taɓa sauya wa batirin waya a wani gari, akwai wanda matarsa ta ɓata masa rai da safe, akwai wanda kawai ya ga ana gudu ya biyo. Suka fizge Auta daga hannun Maiwalda, suka ja shi ta ƙafa zuwa tsakiyar layi.

Duka ya sauka kamar ruwan sama. Auta ya dunƙule, ya rufe kansa da hannuwa, sai dukan ya koma kan hannuwan. Wani ƙato mai takalmin aiki ya ɗaga ƙafa ya taka hannun dama a kan siminti, ya murza. Maiwalda ya ji ƙarar daga inda yake tsaye, kamar an karya busasshen kara. Ihun da Auta ya yi bai yi kama da muryarsa ba.

A nan ne Maiwalda ya dawo hayyacinsa. Shi duka ya zo yi, ba kisa ba. Ya ce, "Ya isa," amma a hankali ya faɗa, kuma babu wanda ya ji.

Masu gadin kasuwa ne suka raba, da kulake da usur. Taron ya watse kamar ba a yi ba. Mutumin da ya taho da ƙafar benci ya mayar da ita inda ya ɗauko, ya koma yana kiran masu saye. Babban mai gadi ya riƙe Maiwalda ta ƙugu.

"Kai ne ka fara. Mu je ofis."

Auta yana zaune a ƙasa, mai caja ya tallafe shi. Ido ɗaya ya kumbura ya rufe. Yatsunsa biyu sun kalli inda yatsu ba sa kallo. Ya tofar da jini, ya ce, "Ku sake shi. Mijin yayata ne. Maganar gida ce."

"Gidan naku haka ake magana?" in ji mai gadin. Amma ya sake shi.

Aka sa Auta a tasi zuwa asibiti. Maiwalda ya tsaya yana jiran bas. A cikin bas ɗin wata tsohuwa ta kalli bayan hannunsa da ya fashe, ta jawo jakarta ta matsa. Wayarsa ta yi ta kuka a aljihu. Matarsa ce. Bai ɗauka ba. Duk hanya yana faɗa wa kansa magana ɗaya: ai shi ya jawo. Wanda ya ci amana, abin da ya same shi shi ya saya. Zai ciro kwanson nan ya kai gaban surukinsa, ya ajiye a tsakar ɗaki, kowa ya gani da idonsa.

Gidan babu kowa. An bar tukunya a kan murhu a kashe, wuƙa da rabin albasa a kan faranti, alamar an fita a guje. Ya wuce ɗakin da ya ware wa injin, ɗakin da ya hana yara shiga. Ya ɗauko sukundireba. Teburin a manne yake da bango, don haka ya ja shi gaba, ya durƙusa a bayan injin don ya zare wayoyi.

Sai ya tsaya.

Irin wannan inji yana da wuri biyu da za a iya soka wayar monita. Akwai na sama, wanda yake na uwar injin ne, mai ƙaramin ƙarfi, daidai rubuta wasiƙa a ofis. Akwai na ƙasa, a jikin katin hoton kansa. In ka soka a sama, hoto zai fito, amma katin yana zaune ne kawai kamar baƙo, ba a tambaye shi komai ba. Duk mai wasa ya san wannan. Maiwalda da kansa ya sha yi wa sababbin shiga dariya a kai.

Wayar tana sama.

Jiya da yamma, a gajiye, ya ƙi jan teburin. Ya zura hannu ta baya yana lalube, ya ji rami, ya tura, ta shiga. Babu wanda ya taɓa wayar nan sai shi.

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya zare ta, ya soka a ƙasa, ya zagayo ya kunna. Ya buɗe wasan. Fankoki uku suka tashi da wani sanyin sauti. Lambar kusurwa ta haura ɗari biyu ta zauna. Hoton ya gudana sumul kamar ruwa a kan gilashi, har ƙurar da ke tashi bayan motar yaƙi ana ganin ƙwayoyinta. Ya ma fi na da kyau, don Auta ya share shi tsaf, ya sa masa mai mai kyau, bai kuma karɓi ko sisi ba.

Gaskiya ita ce, na ɗan lokaci, kafin komai ya dawo masa, daɗi ya ji. Katinsa yana nan.

Sai ya ji an buɗe ƙofar gida. Ya san takunta.

Yana da lokacin da zai tashi ya tare ta a tsakar gida ya faɗa mata. Bai fi taku goma ba. Ya tuna surukinsa, da mai caja, da babban mai gadi, da yadda labarin zai zaga: mutumin da ya sa aka karya ƙanin matarsa saboda bai iya soka waya ba. Ya kashe injin. Ya zura hannu ta baya, ya mayar da wayar sama, ya tura teburin ya manne da bango.

Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shigo ba. Akwai jini a gefen mayafinta, ya bushe ya yi baƙi. Ba ta yi kuka ba, kuma hakan ya fi kukan muni.

"Likita ya ce yatsa biyu ba za su koma daidai ba," in ji ta. "Hannun da yake ci da shi. Baba yana can, ya kasa zama."

Ta ci gaba.

"Ni na goya yaron nan, Baban yara. Ni na yaye shi da Inna ta rasu. Ya rantse mini a kan gadon asibiti bai ɗauki komai ba. Kai kuma ban taɓa kama ka da ƙarya ba, duk halinka. To ɗayanku ne. Nuna mini."

"Ba za ki gane ba."

"Ina da ido. Shekara nawa ina kawo maka abinci ɗakin nan kana ba ni ƙeya? Na san yadda abin yake tafiya. Kunna."

Ya kunna. Ya buɗe wasan. Sojan da ke kan monita ya ɗaga ƙafa, ya tsaya a iska, ya yi tsalle gaba, ya sake tsayawa. Maiwalda ya nuna mata lambar kusurwa. Ya nuna mata fankokin ta gilashi, a tsaye cik.

"Da haka yake?" ya tambaye ta.

Ta matso, ta sunkuya, ta kalla sosai. Ta daɗe tana kallo, kamar tana jira fankar ta tausaya mata ta juya.

"A'a," ta ce. "Da ba haka yake ba."

 Ta zauna a ƙasa, a gefen kujerarsa mai taya, ta rufe baki da mayafi. Yanzu kukan ya zo, marar sauti, kafaɗunta kawai ke rawa.

"Har da rantsuwa," ta ce. "Ya kalli idona ya rantse. Me ya rasa? Da ya tambaye ni, ko ɗan kunnena ai sai in sayar."

A kan monita an harbe sojan, ya faɗi a tsintsinke.

Ta share fuska, ta gyara zama, ta durƙusa sosai a gabansa.

"Dukan ya yi yawa, Baban yara, ba zan ɓoye maka ba. Amma mu muka fara cutar ka. Ka yi haƙuri. Ka yafe masa don darajar yaran nan. Zan je in faɗa wa Baba abin da na gani, kada ya ji a bakin wani."

Maiwalda ya kalli bango, daidai inda teburin ya manne.

"Tashi," ya ce. "Ba komai. Na yafe masa."