Gwangwanin Baba

A zagaye na uku na gwajin ranar Asabar motar tseren ta fara aman hayaƙi, shuɗi mai kauri, har 'yan kallon da ke gashin nama a bayan shinge suka ɗauki ihu. Nélida, makanikar motar, ta ajiye ƙoƙon shayin mate a kan taya. Mako uku ta kwashe tana aikin injin nan, ga shi gobe ne tseren ƙarshe na shekara.

Yayanta Fausto, direban motar, tun bai gama cire hular kwano ba ya hau ta da faɗa.

"Ga aikinki nan! Shekara talatin Baba yana haɗa inji, ko tari nasa bai taɓa yi ba."

Makanikan rumfunan kusa suka matso. Don Ovidio, tsohon abokin marigayi babansu, ya ce, "A kawo nama mu ɗora mana, kada hayaƙin ya tafi a banza." Aka kwashe da dariya.

Nélida ta nufi motar. Ta ɗauki sifana ta kwance murfin injin, zafi yana cin yatsunta. Sifirin ɗin bawul da ta sa masu ƙarfi ne, biyu-biyu, ƙarami a cikin babba, don haka ramin tsakiyarsu ya tsuke. Shi ya sa ta zaɓi siraran sil, robar da ke hana baƙin mai bin bawul ya gangara cikin inji. Sai da ta auna su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta bar wa Fausto a leda ya ƙarasa haɗawa, ranar da ta kai mamarsu asibiti.

Ta zura waya ta zaƙulo guntun roba, baƙi, a yage. Sil ne, amma nata koraye ne.

"Yaya, ina ka samo wannan?"

Ya kau da kai. "A gwangwanin Baba."

"Nawa fa?"

"Naki kamar zoben yara, wa zai yarda da su? Na Baba kuwa da irinsu ya ci kofi huɗu."

"Ƙattin nan a ina za su samu wuri? Sifirin na ciki ya yi ta gurzarsu har ya cinye su! Ka watsar da aikina, sannan ka zo gaban mutane kana ci min mutunci da sunan Baba?"

"To ki rage murya mana."

"Da kake naka, ka rage?"

Don Ovidio ya karɓi robar ya jujjuya ta. "Kai yaro, jan gwangwanin biskit ɗin nan na saman kanta?"

"Shi."

"Ai nan marigayi yake jefa waɗanda ya gwada suka ƙi shiga. Zubarwa ce kawai ba ya iya yi."

Dariyar ta dawo, har ta fi ta ɗazu, amma Nélida ba ta taya su ba. Fausto ya tsuguna ya tono ledar daga ƙasan akwatin kayan aiki, ko kunce ta ba a yi ba.

"Za ki iya kafin gobe?" ya tambaya a hankali.

Ta ƙirga korayen sil ɗinta da ke ciki, sha biyu cif.

"Maimaita da ƙarfi, da irin muryarka ta ɗazu," ta ce. "Na can baya ba su ji ba."