Tukunyar Salansar Malam Manu

Tun da Malam Manu ya rasu tsohuwar motarsa take jibge a gindin darbejiya a ƙofar gidansa na Horo Birni, tayoyi sun lotse, kaji sun mai da kujerar baya akurki. Matarsa Mairama ba ta ɗauki motar a bakin komai ba. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne 'yan gwangwan. Duk wanda ya biyo da kurarsa ba ya duban gilashi, ba ya duban ƙofa, sai ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi. Ita kuwa Allah ya zuba mata son jin ƙwaƙwaf, abin da ba ta gane ba har tuwo yake hana ta ci.

Da rabon gado ya zo, 'ya'yanta biyu, Badaru babba da Kamilu ƙarami, suka shirya a sayar da motar. To, yanzu ba da ba ne. Satar kayan mota ta ishi mutane, an kafa doka: ɗan gwangwan ba zai sayi ko ƙusar mota ba sai a gaban hakimi da shaidu, in kuma an tarar an cire wani abu, magana sai wurin 'yan sanda. Don haka ranar da Isa mai gwangwan ya zo daga Bodinga, har hakimi da dattawa aka shimfiɗa wa tabarma.

Isa ya shige ƙarƙashin mota da rigingine, ya ƙwanƙwasa nan da can, ya fito yana karkaɗe riga.

"Ranka shi daɗe, tukunyar salansa an yanke ta an liƙe. Babu komi ciki. Abin da ad da daraja ga motag ga an ɗebe shi."

Badaru ko yawu bai haɗiye ba ya juya kan ƙanensa. Kamilu ɗan kabu-kabu ne, mai haya da babur, kullum yana Bodinga, kuma kowa ya san a rumfar 'yan gwangwan yake shan shayi.

"Kai na," in ji Badaru. "Wa as san kasuwar abin in ba kai ba? Mamaci ka yi ma sata, Kamilu!"

Kamilu ya yi ta rantsuwa. Hakimi ya ce shi doka ta ɗaure masa hannu, in aka yi la'asar ba a gano bakin zaren ba, sai a miƙa maganar gaba.

Mairama na zaure tana ji. Ɗanta a hannun 'yan sanda, kuma da bakin wansa! Amma ko a cikin tsoron nan tambayar da ta daɗe tana cin ta ba ta sake ta ba. Ta yafito Isa.

"Ɗan nan, wai mi ac cikin tukunyag ga da kowa ka rarrahe saboda shi? Zinari na?"

"Inna, indomi muka ce mishi. Shi ka tace hayaƙi. An ce akwai wani ƙarhe cikinai da yah hi zinari tsada. Niƙe shi akai, a kai waje."

"Kai ka taɓa ganin ƙarhen?"

"Ko sau guda."

"Kana sayen abin da ba ka taɓa gani ba? To gwada min in gani."

Isa ya zaro wani ɓallin daga jakarsa ya miƙa mata. Abu ne toka-toka, ba nauyi, da ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Ta murza shi da babban yatsa. Yatsan ya riga kanta gane shi.

Ta mayar masa da abinsa ta wuce makewayi. Can bakin rariya, kusa da kwandon soso, ta ɗauko wani guntu da ya suɗe ya koma kamar ragowar sabulu. Shekarun baya motar ta taɓa shaƙewa a hanyar Kajiji, bakanike ya yanke tukunyar ya zazzage abin da ya toshe ta. Malam ya dawo da shi a aljihu ya jefa mata yana tsokana, wai ga magogi, kaushinta ya ishi tabarma. Ta raba biyu ta ba maƙwabciyarta Lami rabi. Da nata rabin Mairama take goge ƙafa, da shi take kankare gindin tukunya, kuma tsakani da Allah ba ta taɓa samun magogi irinsa ba.

Ta yafa mayafi ta fita, ta durƙusa gefe ta ba da labari. Isa ya karɓi guntun, ya ɗaga shi wajen rana, haske ya ratso ramukan.

"Shi na, ranka shi daɗe."

Ya dubi dugadugan Mairama, ya dubi rariyar da ta ɓullo ta gindin katanga, ya dafe kai. Dattawa suka kwashe da dariya. Hakimi ya ce ashe dukiya rariya ta bi, magana ta mutu.

Badaru ma ya yi dariya, irin ta jin kunya, ya miƙa hannu. "To, ƙanena, a yi haƙuri. Sharrin Shaiɗan na."

Kamilu ya karɓi hannun saboda idon manya. "Yaya, da Inna ta goge shi duka ya ƙare hwa? Da yanzu ni ɓarawo na?"

Badaru ya sunkuyar da kai.

Kafin la'asar Kamilu ya gaya wa hakimi ya bar wa wansa rabonsa na gado. Ya ɗaure jaka da tabarma a bayan babur. Mairama ta biyo shi ta riƙe kariya, ƙarfen da ya ɗaura kayan, da hannu biyu, hawaye na zuba.

"Haba auta, ai an wanke ka gaban kowa."

"Magogi yaw wanke ni, Inna. Ni so niy yi ɗan'uwana shi wanke ni."

Ya cire hannuwanta daga kariyar a hankali, ɗaya bayan ɗaya, sannan ya tada babur.