Kanuna, Sojan Janar

Salali tana cikin dakan masara sai ga sojoji sun shigo tsakar gida da bindigogi.

Mijinta Kanuna bai razana ba. Tun yana saurayi shi da 'yan'uwansa 'yan ƙabilar Ceroki suka bi wani Janar farar fata yaƙi, ya ƙetare kogin Tallapoosa da iyo, ya dawo da harsashi a cinya. Janar ɗin ne daga baya ya zama shugaban ƙasa, ya sa hannu a dokar kwashe Ceroki daga ƙasarsu zuwa yamma. Shekara da shekaru Kanuna yana cewa sharri ake yi wa mutumin.

Ya naɗe ƙafar wando ya nuna wa shugaban sojojin tabon. "Samari, duba nan. Janar ya san ni."

"Baba, Janar ya sauka mulki, yana gonarsa. Ni dai an ce in fitar da ku."

Salali ta jingine taɓarya. "To ga ladanka nan, sojan Janar. Rufe ƙafarka, kana ba mu kunya."

Ko tukunya ba a bari sun ɗauka ba. Suna waiwaye suka ga maƙwabcinsu farar fata yana kwance saniyarsu zai tafi da ita.

Aka zuba su cikin wani shingen gungume, mutane jingim, ga zafi, ga ƙazamin ruwa. Abinci naman alade ne mai gishiri da garin da tsutsa ta shiga. Zawo ya fara da yara, sannan ya kama Salali.

Kanuna ya san saiwar da ke tsayar da zawo, tana nan bakin rafi, ana ma hango wurin ta tsakanin gungumen. Ya roƙi mai gadi, aka ƙi. Ya miƙa wuƙarsa da bargonsa, aka karɓi wuƙar aka ture shi. Mutumin da bai taɓa durƙusa wa kowa ba ya durƙusa, ya riƙe takalmin soja yana kuka.

Da ya rasa yadda zai yi, sai ya tone gindin shinge da farce, ya tafasa abin da ya samu.

Salali ta kurɓa ta yamutsa fuska. "Tsoho, wannan ai ciyawar doki ce."

"Sha dai, Uwargida. Don Allah sha."

Ta shanye don ransa ya yi sanyi.

Da kaka ta kama aka ce a tashi a nufi yamma. Keken dokin marasa lafiya ya cika, sai ya goya ta yana ɗingishi. Tun tana tsokanarsa a kunne, tana cewa ƙashin bayansa na sukar ta, har ta koma nishi. Da suka fara hawan tsauni ta yi tsit.

Wata tsohuwa ta taɓa hannunta ta ce, "Ɗan'uwa, sauke ta. Ta huta."

"Barci take yi," in ji Kanuna.

Ya ƙara gyara goyon ya ci gaba da tafiya, mutane suna wuce shi, ba mai iya kallon fuskarsa.