Harafi Biyu a Wuyan Tukunya

Ashanar na tsakanin yatsun Jabiru lokacin da Mika ya damƙe masa hannu ya murɗe.

"Ka ƙyasta, mu duka uku a kwashe mu a buhu," in ji Mika.

Warin gas ya cika kicin ɗin har yana kama maƙogwaro. Rachel ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu, ta kasa shiga, ta kasa fita. Gidan abincinta ne, ɗaki biyu a bayan tashar Zuru, abin da ta tayar da shi bayan mijinta ya tafi Saliyo da kakin soja bai dawo ba. Mika yayan marigayin ne, tsohon soja shi ma, wanda ya yi shekara goma sha takwas yana haɗa bututun gas a kicin ɗin bariki. Yanzu wani ƙaramin ofishi ya ɗauke shi duba tukwanen gas da suka fara shigowa gari.

Jabiru, dillalin da ya kawo tukunyar, ya fizge hannunsa. "Mi na na, Baba Soja? Haka muke gane inda take yoyo. Wuta ta ɗan kama, ka gani, ka hure."

"Wanda ya koya maka yana raye?"

Mika bai jira amsa ba. Ya buɗe taga, ya kaɗa omo a kofi, ya shafa kumfar a wuyan tukunyar. Nan take ta fara tasowa ƙwal-ƙwal. Ya bi tiyon da yatsa: tiyon ban ruwa ne, an ɗaure bakinsa da robar tayar keke. Ya durƙusa ya kankare gindin tukunyar da makulli. Shuɗin fentin ya ɓare, tsatsa ta zubo kamar garin dawa.

"Maman Dinah, zo ki gani," ya ce. "Aikin nan kashi uku ne. Kore, ki yi girkinki. Rawaya, akwai gyara, a rufe har a gyara. Ja kuwa, ko minti ɗaya ba a ƙarawa."

"Wannan fa, Yaya?"

"Ja ne. Tukunyar da aka yar ce, aka yi mata kwalliya."

Idonta ya ciko. "Gobe Asabar, ranar kasuwa. Direbobin Wasagu kaɗai mutum nawa ne? Ka sa mata rawaya mana, daga jibi a yi duk abin da ka ce."

"Da bakina zan gaya wa Dinah na sa wa uwarta rawaya?"

Ya murɗa kan tukunyar ya rufe tam. Ya so ya fitar da ita fili, sai ya ga sarƙa ta zagaye ta, an datse da kwaɗo a jikin ƙarfen taga saboda ɓarayi.

"Makulli," ya ce wa Jabiru.

"Wanga ɓatanci da ka yi wa kayana, sai ka zo shago ka ba ni haƙuri tukuna." Jabiru ya hau babur ɗinsa ya bar su da hayaƙi.

Mika ya zazzage jakarsa. Katin kore na nan, na rawaya na nan. Jan kati ya ƙare tun bara. Sau huɗu yana rubutawa a aiko, sau huɗu ana cewa ana kan bugawa. Ya yagi kwalin sukari, ya danna biro ya rubuta manyan haruffa biyu: JA. Ya ɗaure kan tukunyar da waya, ya rataya kwalin a jiki.

"Zan je in aro zarto in yanke sarƙar. Kada kowa ya taɓa."

"Ba kowa. Indo mai taya ni aiki ta tafi ajinsu na yaƙi da jahilci," in ji Rachel tana goge ido da bakin zani. "Bari in je in nemo itace, tunda ka mayar da ni zamanin kakata."

* * *

Makanikin farko ya riga ya ba wani aron zartonsa. Na biyu ya tafi masallaci. Sai a wajen na uku, can hanyar Manga, Mika ya samu. Yana dawowa da zarton a hammata, yana lissafin yadda zai mirgina tukunyar zuwa fili, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin takalminsa.

Ya san wannan ƙarar. Bai tambayi kowa ba, ya sheƙa.

Kwanon rufin kicin ɗin ya ɗage kamar murfin gwangwani. 'Yan tasha na watsa yashi. A tsakar gida Rachel na durƙushe, itacen da ta sayo a warwatse, ta rungume Indo cikin jiƙaƙƙen zani. Indo, matar da ta yi shekara shida tana tuƙa mata tuwo, wadda tun da ta fara zuwa aji ba ta wuce gwangwanin tumatir ko bayan mota ba tare da ta tsaya ta haɗa baƙaƙen da ƙarfi ba.

* * *

La'asar ta wuce kafin a bar shi ya shiga ɗakin da aka kwantar da ita. An naɗe hannayenta har gwiwa, rabin fuskarta a ƙarƙashin auduga. Ido ɗaya ne ya juyo ya same shi.

"Baba Soja."

"Kada ki yi magana, Indo."

"Na ga azahar ta yi ba a ɗora komai ba. Na ce bari in taimaki Maman Dinah." Ta haɗiye da ƙyar. "Na karanta takardarka. Ni kaɗai, ba wanda ya taya ni. J da A. Na ja wayar, ta fita. Sai na kunna."

Shekara goma sha takwas Mika yana furta kalmar nan yana nufin launi. Ko sau ɗaya bai taɓa jin ɗayar ma'anar a cikinta ba.

"Ban yi daidai ba ne?" ta tambaya.

"Kin karanta daidai," ya ce.

Ya fito baranda ya zauna a kan benci. Rachel na gefe ta haɗa kai da gwiwa. An je shagon Jabiru, an tarar da kwaɗo. Maƙwabta sun ce ya yi hanyar Kontagora.

Wani babur ya tsaya a ƙofar asibitin. Wani dogon mutum mai biro uku a aljihun gaba ya sauko, ya yi tambaya, aka nuna masa Mika.

"Sannu, Baba. Sunana Ladan, ni ne mai kula da sito a wata makarantar kwana ta wajen Mahuta. An ce kai ke sa hannu a takardar gas." Ya ciro takarda a ninke. "Tukwane shida muka saya wajen Jabiru, sababbi fil, shuɗaye. An riga an haɗa. Da magariba za a ɗora wa yara ɗari uku abinci. Sa hannu kawai ya rage."

Mika ya dubi rana. Ta fara sauka bayan duwatsu. Ya sa hannu a jakarsa, yatsunsa suka taɓa ragowar kwalin sukarin.