Ƙyauren Gidana a Lamu

Kwana goma sha ɗaya na yi a Faza ina jinyar 'yata. Da na dawo Siyu sai na tarar da gidana hangame, an jingina fallen kwano a bakin ƙofa. Babu ƙyauren. Ƙyauren da kakanmu ya sa aka sassaƙa tun ba a aza dutsen farko na ginin ba. Maƙwabta suka ce ƙanena Famau ne ya zo da ƙarti huɗu suka ɗora shi a jirgin ruwa mai zuwa Lamu.

Washegari na bi jirgin safe zuwa Lamu. Rabona da garin shekara ashirin. Na yi ta ratsa lunguna, jakuna suna gogar mini zane, ina leƙa ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Sai bayan azahar na ga ƙyauren, an kafa shi a wani masaukin baƙi, Turawa biyu suna ta ɗaukar sa hoto.

Na zauna a dakali na ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba zan tashi ba. Mai masaukin ya aika aka nemo Famau da ya sayar masa da ƙyauren, aka kira dattijon unguwa, Shee Kombo.

"Yaya Somoe, ke ce da kanki?" in ji Famau. "Da wannan ciwon gwiwar?"

"Gwiwata ta fi mutuncinka lafiya, ɓarawon ƙofa."

"Gara ce fa ke cin sa, Yaya. Ceton sa na yi."

"Shekara ɗari gara tana kallon sa tana jin kunya. Kai ne ba ka ji ba."

Shee Kombo ya ɗaga hannu. "Iya, a bi a hankali. Gidan na wane ne?"

"Nawa ne. Ai a al'adarmu 'ya mace uba yake ba gida ranar aurenta, miji ya tare a ciki. Kai ma ba a gidan matarka kake kwana ba?"

Masu jakuna da suka tsaya kallo suka tuntsire da dariya. Shi bai dara ba.

"Akwai takarda?"

"Takardar me? Babana da bakinsa ya faɗa."

"A gaban wa?"

Na gaya masa. Ina zaune a kan dogon gado a ƙuryar ɗaki, lalle bai bushe a hannuna ba, Baba ya tsaya a bakin labule ya ce, "Somoe, gidan nan naki ne, daga ƙyaure har rijiya." Innata tana nan, da gwaggonnina uku, da Mwana Tima mai gyaran amare. Suka rangaɗa guɗa.

"Duk mata ke nan," in ji Shee.

"To, wane ƙato ne zai shiga ƙuryar amarya? Ku kuka hana, yanzu kuma ku kuke tambaya?"

"Cikinsu wa ke raye?"

Na ƙirga su a zuci. Mwana Tima ce kaɗai ta rage, ita kuwa yau ko 'ya'yan cikinta ba ta ganewa.

Shee ya shafa gemu ya ce tunda babu shaida, gidan ya koma gādo, Famau yana da kaso a ciki, cinikin da ya yi kuma ya zauna. Famau ya sunkuyar da kai kamar mai jin tausayina. Da ma dariya ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Mai masaukin ya matso da murmushinsa. "Mama, duk ranar da kika shigo Lamu ki zo ki gan shi. Akwai shayi."

"Shayin ya ƙone ka."

Na miƙe da ƙyar, na kai hannu zan shafa furen da ke tsakiyar ƙyauren, inda nake dafawa kullum in zan fita.

"A'a, Mama, kada ki taɓa," in ji shi. "Yau da safe aka shafa masa mai, bai bushe ba."

Na janye hannuna. Na gangara bakin ruwa ban waiwaya ba. Ranar Litinin zan dawo in kai ƙara gaban alƙali, kuma da Mwana Tima zan zo, ko a kan gadonta za a ɗauko ta. Su dubi idonta su ce mata ba ta ji abin da ta ji ba.